Dala 20 a mako: tarihin Sylvia Likens da littafin tsoro da aka gina kan mutuwarta

Jama'a, wannan rubutun yana da tsawo kuma ba mai daɗi ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar labarin azabtar da yara, ya wuce kawai, ba laifi.

A shekarar 1989 wani marubuci ɗan Amurka mai suna Dallas Mayr, wanda duniya ta fi sani da sunan alƙalaminsa Jack Ketchum, ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna The Girl Next Door, wato Yarinyar Maƙwabta. A kantunan littattafai, sashen littattafan tsoro ake ajiye shi, kusa da labaran fatalwa da matsafa da masu shan jini. Amma fa daga bangon farko har na ƙarshe babu aljani ko ɗaya a ciki, babu maye, babu gawar da ta tashi. Akwai wata mata, da 'ya'yanta, da yaran unguwa, da wasu marayu biyu da aka kawo mata riƙo. Duk da haka, masu karanta irin waɗannan littattafai da yawa suna sa shi cikin waɗanda suka fi tayar musu da hankali. Dalili kuwa, ƙashin bayan labarin ba ƙirƙira ba ne. Ya faru a birnin Indianapolis na jihar Indiyana, tsakanin watan Yuli da Oktoba na 1965.

Bari in fara da abin da ya faru a zahiri, sannan mu dawo kan littafin.

An haifi Sylvia Likens ranar 3 ga Janairu, 1949. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ta faɗo ne tsakanin tagwaye biyu: Daniel da Dianna a samanta, Benny da Jenny a ƙasanta. Jenny ta yi cutar shan inna tun tana ƙarama, da ƙarfe a ƙafa take tafiya, kuma Sylvia ce ke jan ta ko'ina. Iyayensu, Lester da Betty, talakawa ne masu bin dandalin wasannin nan na lilo da ke yawo gari-gari lokacin bazara, suna sayar da alewa da lemo da makamantansu. Auren nasu yau da daɗi gobe ba daɗi. A farkon Yulin 1965 aka kama uwar da laifin ɗaukar kaya a kanti aka tsare ta. Cikin wannan ruɗani ne Lester ya je neman 'ya'yansa mata, ya same su a gida mai lamba 3850 a titin East New York, inda suka je wajen wasu sababbin ƙawaye. Uwar ƙawayen ita ce Gertrude Baniszewski.

Nan take aka ƙulla magana. Shi da matarsa za su koma bin kasuwar wasanni, 'yan matan biyu za su zauna wurin Gertrude, zai riƙa biyan dala 20 duk mako. A kuɗin yau, wajen dala 200 ke nan. Ya kuma ce mata ta riƙe su da hannu mai ƙarfi, kada ta bari su yi abin da suka ga dama. Bai zagaya ya duba gidan da zai bar 'ya'yansa ba. Da ya duba, da ya ga gadaje ba su kai yawan mutanen gidan ba, babu murhun girki na kirki, ko cokula ba su wadata ba.

Ita wannan Gertrude shekarunta 36 a lokacin. Ta bar makaranta tana 16 ta yi aure, auren ya mutu, ta sake wani, ta dawo wa na farko, ya sake mutuwa, sannan ta zauna da wani saurayi da ta girme wa nesa ba kusa ba, ya yi mata ɗa ya gudu. 'Ya'ya bakwai ne a gabanta, babbar su Paula mai shekara 17, ƙaramin su jinjiri. Ga asma, ga shan taba ba ƙaƙƙautawa, ga rama, ga ɓarin da ta yi ba da jimawa ba. Da guga da rainon yaran mutane take ciyar da gidan. Ina kawo wannan ne ba don in wanke ta ba. Mata dubbai sun shiga ƙuncin da ya fi nata ba su kashe 'yar kowa ba. Amma wanda bai san halin gidan ba, ba zai gane yadda dala 20 ta zama abin da ya zama ba.

Makonnin farko lafiya lau. Sylvia na taya aikin gida, tana zuwa coci da yaran, tana waƙe-waƙen zamaninsu. Ranar da kuɗin mako ya yi jinkirin zuwa ta gidan waya, Gertrude ta kai su sama ta zane su da wani faffaɗan katako, tana cewa ta riƙe su a banza. Kuɗin ya iso daga baya, amma dukan bai tsaya ba. Aka dake su don wai sun ci abinci da yawa a wata walimar coci. Sannu a hankali aka ƙyale Jenny, aka tattara komai kan Sylvia. Aka ce ɓarauniya ce. Aka ce 'yar iska ce, aka ce ciki ne da ita. Binciken likita bayan mutuwarta ya nuna babu wani ciki. Wadda ke ɗauke da ciki a gidan ita ce Paula, 'yar Gertrude ta cikinta, kuma ba ta da aure. Ku riƙe wannan. A nawa ganin, rabin abin da aka yi wa Sylvia fushin da uwar ta kasa sauke wa kanta da 'yarta ne aka juye a kan 'yar riƙo.

Inda labarin ya bambanta da sauran labaran muguntar mariƙiya shi ne shigowar yara. Gidan Gertrude matattarar yaran unguwa ne, gida ne da ba a hana su komai. Ta nuna musu cewa wannan yarinyar ba ta da daraja, duk wanda ya ga dama ya taɓa. Wani yaro mai shekara 15, Coy Hubbard, saurayin 'yarta Stephanie, ya mayar da Sylvia abin gwada kokawar judo, yana maka ta da bango da ƙasa. Paula ta naushe ta har ta karya nata hannun, aka ɗaure mata shi da filasta, ta koma dukanta da filastar. Aka riƙa kashe mata taba a jiki. Aka riƙa tsoma ta cikin ruwan zafi wai ana wanke mata zunubi. A farkon Oktoba aka hana ta zuwa makaranta, aka kulle ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba abinci sai ɗan abin da aka jefa mata. Akwai yaran da suka biya santi biyar don a bar su su kalla. Kwanaki kaɗan kafin ta mutu, Gertrude ta sa aka gasa allura ta fara rubuta mata kalmomin ƙazafi a ciki, ta gaji, ta miƙa wa wani ɗan maƙwabta mai shekara 14, Richard Hobbs, ya ƙarasa. Akwai abubuwan da ke cikin takardun kotu da ba zan rubuta a nan ba.

Yaran nan ba 'yan daba ba ne fa. 'Yan makaranta ne da ke komawa gida da yamma su ci abinci da iyayensu. Da aka tambaye su a kotu me ya sa, amsar ba ta wuce Gertrude ce ta ce a yi.

To su manya fa? Nan ne ni nake daɗewa.

Akwai miji da mata da suka tare a gidan da ke manne da na Gertrude a ƙarshen bazarar. Matar ta shiga gidan ta ga Sylvia da kumburarren ido, Paula ta ce da bakinta ita ta yi mata, tana alfahari. Ta sake shiga wani lokaci ta ga abin ya ƙaru. Ba ta gaya wa hukuma ba. A daren ƙarshe ta ji ana ta kankarar shebur daga ɗakin ƙasan, Sylvia ce ke neman wanda zai ji ta. Matar ta ce ta yi tunanin kiran 'yan sanda saboda hayaniyar, sai ƙarar ta tsaya wajen ƙarfe uku da rabi na dare, ta koma ta kwanta.

Limamin cocin da yaran ke zuwa ya ziyarci gidan. Gertrude ta zauna ta kwashe masa labarin lalacewar Sylvia, ya saurara, ya tafi. Yayarsu Dianna, wadda ta riga ta yi aure tana zaune a garin, ta haɗu da su a wani lambun shaƙatawa suka gaya mata, ta ɗauka ƙari suke yi irin na yara. Wata rana ta ba Sylvia ɗan burodi da ta ce tana jin yunwa, labari ya koma gida, aka azabtar da yarinyar kan haɗama. Da Dianna ta zo gidan da kanta, Gertrude ta tare ƙofa ta ce iyayen sun ba ta izinin hana ta ganinsu. Iyayen ma sun zo ziyara, ta ƙarshe ranar 5 ga Oktoba, amma a gaban Gertrude aka yi hirar, yaran ba su ce uffan ba.

Mutum ɗaya ya yi abin da ya kamata. Mahaifin wani yaron unguwa ya buga waya makarantar su Sylvia, Arsenal Technical, bai faɗi sunansa ba, ya ce akwai yarinya a gida kaza jikinta duk gyambo. Aka turo ma'aikaciyar jinya. Gertrude ta ce mata ai yarinyar ta gudu tun makon jiya, gagararriya ce, gyambon kuma ƙazantarta ce ta jawo. Jenny na wurin, tsoro ya hana ta musantawa. Ma'aikaciyar ta koma, magana ta mutu. A lokacin nan Sylvia na ƙarƙashin ƙafafunsu.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san irin wannan ziyarar. An samu ƙorafi, an tura jami'i, jami'i ya je, an ba shi bayani, ya rubuta, an rufe fayil. A takarda babu wanda ya yi sakaci, kowane mataki an bi shi. Abin da ya rage shi ne a ce "ina so in ga ɗakin da take kwana", kuma wannan jimlar ba ta cikin fom. Ba na jin matar nan muguwa ce. Ta tambayi babba game da yaro, ta karɓi amsar babba, kamar yadda aka saba.

Da Gertrude ta ga yarinyar na neman mutuwa a hannunta, ta tilasta mata rubuta wasiƙa zuwa ga iyayenta cewa ta bi wasu samari ne suka yi mata wannan aika-aika. Shirin shi ne a kai ta daji a yar. Sylvia ta ji ana maganar, ranar 25 ga Oktoba ta yunƙura ta nufi ƙofar gida, ƙarfinta bai kai ba, aka kamo ta. Washegari, 26 ga Oktoba, 1965, ta rasu tana da shekara 16. Hobbs aka aika ya kira 'yan sanda daga tarhon bakin titi. Suna zuwa Gertrude ta miƙa musu wasiƙar, Jenny ma ta maimaita abin da aka koya mata. Kafin su fita ne ta matsa kusa da ɗaya daga cikinsu ta raɗa masa cewa in suka fitar da ita daga gidan za ta faɗi komai. Likitoci sun ƙirga raunuka sama da 150 a jikin gawar. Abin da ya kashe ta: taruwar jini a ƙwaƙwalwa daga dukan kai, ga firgicin jiki, ga matsananciyar yunwa.

An fara shari'a ranar 18 ga Afrilu, 1966, gaban alƙali Saul Rabb, mai gabatar da ƙara Leroy New yana neman hukuncin kisa. Gertrude ta ce ba ta cikin hayyacinta, kuma rashin lafiya ya kwantar da ita, yaran ne suka yi komai. Wato ta jefa 'ya'yanta gaba don ta tsira. 'Yarta Marie mai shekara 11 ta hau ta ba da shaidar kare uwar, da aka matsa mata da tambayoyi ta fashe da kuka ta ce ƙarya ta yi. Paula ta haihu tana tsare tun kafin a fara shari'ar, ta sa wa jaririyar suna Gertrude. Ranar 19 ga Mayu aka sami Gertrude da laifin kisan kai mataki na ɗaya, Paula mataki na biyu, dukansu ɗaurin rai da rai. Hobbs da Hubbard da ɗan Gertrude, John, wanda shekarunsa 12 lokacin da abin ya faru, aka ba su shekara 2 zuwa 21. A farkon 1968 duk ukun sun fito. Maƙwabtan da suka gani suka yi shiru, babu wanda aka tuhuma.

Wannan rashin tuhumar yana da tarihi. Amurka ta daɗe tana kallon abin da ke faruwa da yaro a cikin gida a matsayin sirrin gida. Shari'ar da ake yawan farawa da ita ita ce ta Mary Ellen Wilson a birnin New York a 1874, yarinya 'yar kimanin shekara goma, ita ma 'yar riƙo, da ake duka ana kullewa. Wata maƙwabciya ta sanar da wata mai aikin mishan, Etta Wheeler, ita kuma ta yi ta yawo ofis-ofis ba wanda ya yarda ya shiga tsakanin mariƙiya da 'yarta. A ƙarshe wurin Henry Bergh ta je, mutumin da ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1866. Ku lura, doki ya riga yaro samun ƙungiya. Lauyan Bergh ya kai maganar kotu, aka ƙwato yarinyar, aka ɗaure mariƙiyar shekara ɗaya, aka kuma kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta farko. Mary Ellen ta rayu har shekara 92. Bambancinta da Sylvia mace ɗaya ce da ta ƙi gajiya.

Sai 1962 likitoci suka fito fili. Wani likitan yara a Denver, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka wallafa maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka suna nuna cewa yaran da ake kawowa wai sun faɗo daga gado, hoton ƙashinsu na nuna karaya iri-iri, wata sabuwa wata ta fara warkewa. Daga nan jihohi suka shiga yin dokar tilasta kai rahoto, kafin ƙarshen shekarun 1960 kowace jiha ta yi tata. Amma yawancin dokokin farko likitoci suka nufa, ita kuwa Sylvia babu likitan da ya gan ta sai gawarta. Dokar tarayya kan kare yara sai 1974 Shugaba Nixon ya sa mata hannu. Yau a Indiyana, duk wanda ke da dalilin zaton ana cutar da yaro, maƙwabci ne ko mai wucewa, wajibi ne ya kai rahoto, ƙin yi laifi ne.

Kuma zamanin ne masana halayyar ɗan Adam ke ta fama da tambayar. Stanley Milgram a jami'ar Yale ya nuna a farkon shekarun 1960 cewa kusan kashi 65 cikin ɗari na mutanen da ya gwada sun yarda su danna wa wani wutar lantarki har matakin ƙarshe, don kawai mai rigar ɗakin gwaji ya ce su ci gaba. A 1968 John Darley da Bibb Latané suka nuna cewa yawan masu kallo na rage yiwuwar wani ya taimaka, kowa na jiran wani. Gidan Gertrude ya haɗa duka biyun ba tare da ɗakin gwaji ba.

Yanzu littafin. Ba Ketchum ya fara rubutu kan lamarin ba. Ɗan jaridar da ya bi shari'ar, John Dean, ya fitar da littafi tun 1966. Kate Millett, fitacciyar mai fafutukar 'yancin mata, ta fitar da The Basement a 1979, inda ta karanta abin a matsayin hukunta yarinya saboda kasancewarta mace. Shi Ketchum hanya dabam ya bi. Ya ɗauke labarin daga Indiyana ya kai shi New Jersey, jihar da aka haife shi a 1946. Ya mayar da shi baya zuwa 1958. Sylvia da Jenny suka zama Meg da Susan, waɗanda iyayensu suka mutu a haɗarin mota. Gertrude ta zama Ruth, 'yar uwarsu, mai 'ya'ya maza uku, matar da yaran layi ke so saboda tana ba su giya tana hira da su kamar tsararrakinta. Ɗakin ƙasa ya zama maɓoyar da aka gina don tsoron bam ɗin nukiliya, irin wadda Amurkawa suka riƙa ginawa lokacin yaƙin cacar baka. Wurin da aka tanada don tsira daga Rasha, a nan aka kashe 'yar gida.

Babbar dabararsa ita ce mai ba da labarin. Ba yarinyar ba ce, ba Ruth ba ce. Wani yaro ne ɗan maƙwabta mai shekara 12, David, wanda ke son Meg, yana ba da labarin bayan ya manyanta. David ba ya duka. Yana sauka ɗakin ƙasan ne ya tsaya ya kalla, ya koma gida, gobe ya dawo. Yana gaya wa kansa ai shi bai taɓa ta ba. Wani lokaci har haushinta yake ji don ta sa shi jin kunyar kansa. Mai karatu kuma, tunda ta idon David yake gani, shi ma yana juya shafi yana dawowa ɗakin. Wannan tarkon ne ya sa littafin ya fi sauran ciwo. Akwai wurin da abin ya kai maƙura, David ya ce ba zai faɗa ba, babin ya ƙare cikin 'yan layuka. A wurina wannan gajeren babin ya fi duk sauran nuna cewa marubucin ya san abin da yake yi.

Da farko littafin bai yi kasuwa ba. Kamfanin Warner ya fitar da shi da hoton ƙwarangwal sanye da kayan 'yan matan da ke rawa a filin wasa, hoton da ba shi da alaƙa da labarin ko kaɗan. Sai a 1996 da aka sake buga shi da gabatarwar Stephen King ya samu sunan da yake da shi yanzu. A 2007 aka yi fim ɗinsa, a shekarar kuma aka yi wani fim, An American Crime, wanda ya bi ainihin shari'ar da sunayen gaskiya.

Shin ya dace a mayar da mutuwar 'yar mutane littafin tsoro? Ni ban ga laifin rubuta shi ba, ya canza sunaye, bai kuma mayar da azabar abin nishaɗi ba. Amma ina da ƙorafi uku a kan abin da ya canza, kuma duk ukun sassauci ne ga mai karatu. Ya kashe iyayen a haɗari, sai tambayar uban da ya bar 'ya'yansa a gidan da bai duba ba ta ɓace. Ya kai labarin unguwar masu rufin asiri, sai yunwa da dala 20 suka ɓace. Na uku shi ne ƙarshen, wanda ke son karantawa ya tsallake wannan layin: David ya yunƙura daga baya, ya kuma tura Ruth daga kan bene ta mutu, ɗan sanda ya kau da kai ya ce faɗuwa ta yi. Mai karatu ya samu ɗan sanyi. A titin East New York babu David. Babu yaro ko ɗaya da ya buɗe mata ƙofa.

Na san wasunku tun ɗazu suna cewa ai wannan halin Turawa ne. Riƙo dai namu ne, kuma mafi yawansa alheri ne, da yawa cikinmu a hannun goggo ko kawu muka yi karatu. Amma siffar labarin ba baƙuwa ba ce: yaron da uwarsa ba ta kusa, babban da ake karɓar maganarsa, da maƙwabcin da ba ya son a ce ya shiga sharo ba shanu. A watan Agustan 2020 a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi aka ceto wani yaro ɗan kimanin shekara 10, maraya ta wajen uwa, da aka ɗaure a turken dabbobi kusan shekara biyu a gidan ubansa. Kafin wata ya ƙare, irinsa suka riƙa fitowa a Kano. A Ingila ma, Victoria Climbié, 'yar Kodebuwa da iyayenta suka ba wata kakarta ta dangi don ta yi karatu a Turai, ta mutu a Landan a Fabrairun 2000 tana da shekara 8 da raunuka 128. Kwamitin bincike na Lord Laming ya gano an samu dama aƙalla 12 ta ceto ta, asibitoci da 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a duk sun san da ita. Can ga doka ga ma'aikata ga kuɗi, amma aka sake yin irin ziyarar nan ta ma'aikaciyar jinya.

Ragowar tarihin gajere ne. A 1970 kotun ƙolin Indiyana ta soke hukuncin Gertrude da Paula, ta ce yawan surutun jaridu ya hana a yi musu adalci, kuma ya kamata a raba shari'arsu. A 1971 aka sake samun Gertrude da laifi. Paula ta amsa ƙaramin laifi, ta fito a ƙarshen 1972, ta canza suna. Shekara 40 bayan haka, a 2012, aka gano tana aikin taimaka wa malamai a wata makaranta a jihar Iowa, aka sallame ta saboda ta ɓoye tarihinta a takardar neman aiki. Hobbs ya mutu da kansar huhu a 1972 yana da shekara 21. John ya zama mai wa'azi a coci, kuma shi ne ya fito fili daga baya ya ce hukuncin da aka yi musu ya yi sauƙi.

Gertrude ta zama fursuna mai ladabi, tana ɗinki, matan gidan yari na kiran ta Mama. Da maganar sakinta ta taso a 1985, Jenny ta fito a talabijin ta roƙi kada a sake ta, aka tara sa hannun mutum sama da 40,000. Aka sake ta a watan Disamba. A gaban kwamitin ta ce ba ta iya tuna rawar da ta taka saboda magungunan da take sha a lokacin. Ta canza suna ta koma Iowa, ta mutu da kansar huhu a watan Yunin 1990, shekara guda bayan fitowar littafin Ketchum.

A 2001 aka kafa wa Sylvia dutsen tunawa a lambun Willard da ke kusa da unguwar, Jenny ta halarta. Ita ma ta rasu a 2004 tana da shekara 54. Gidan mai lamba 3850 ya daɗe kango, aka rushe shi a 2009, filin ya zama wurin ajiye motocin wani coci. A garin Lebanon na Indiyana, inda aka haifi Sylvia kuma aka binne ta, akwai cibiyar da ake kai yaran da aka ci zarafinsu don a ɗauki bayaninsu daga bakinsu, ba a gaban wanda ake zargi ba. Tun 2016 sunanta cibiyar ke ɗauke da shi.